Fim ɗin da Ya Daɗe a Akwati: Hotunan Matafiya daga Kano zuwa Birnin Kudu

A ƙarshen shekarar 1930, wani jirgin sama mai injin uku ya yi shawagi a kan birnin Kano. Matuƙinsa Walter Mittelholzer ne, mutumin Suwizalan, wanda ya taso daga Zurich ya keto Sahara ta Gao, yana nufin Tafkin Chadi. Shekara biyar ke nan kacal da Kanawa suka fara ganin jirgi ya sauka a garinsu, a Nuwamban 1925, kuma Sarki Abdullahi Bayero bai kai shekara biyar a gadon sarauta ba. Mittelholzer ya leƙo da kyamararsa daga sama ya ɗauki birnin, da ya sauka kuma ya shiga kasuwa da lunguna ya ɗauki mutane.

Waɗannan hotuna suna nan a ɗakin karatu na jami'ar fasaha ta ETH da ke Zurich, an kuma ɗora su a intanet, duk mai waya yana iya gani. Wanda ya san Kano ta yau, idan ya dube su, sai ya yi shiru. Ga soraye na ƙasa sun haɗu kamar saƙar zuma, ga kududdufai birjik a tsakanin unguwanni, ga fili fetal da gonaki a cikin ganuwa, wuraren da yanzu ko masakar tsinke babu. Baturen ya ɗauki hotunan ne don ya burge masu karanta littafinsa a Turai. Bai san yana ajiye wa jikokin mutanen da ke ƙarƙashin jirginsa shaidar garin da za a cike kududdufansa a yi gini a kai ba.

A wannan shekara ta 1930 ɗin dai, wani abu ya faru a can ƙuryar arewacin duniya wanda ya nuna irin tsawon ran da fim yake da shi. A watan Agusta, wani jirgin ruwan 'yan Norway ya tsaya a tsibirin Kvitøya, wuri mai ƙanƙara, mutanensa suka ci karo da ragowar zangon wasu 'yan Suwidin uku. Su ne Salomon August Andrée da abokan tafiyarsa, waɗanda suka tashi cikin ƙaton balan-balan a 1897, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A cikin kayansu aka tsinci fim ɗin da ƙaraminsu, Nils Strindberg, ya ɗauka. Shekara 33 yana kwance cikin sanyi. Da aka kai shi Stockholm, wani gwanin wankin hoto, John Hertzberg, ya fitar da hotuna 93 daga ciki. Sai ga balan-balan ɗin yashe a kan ƙanƙara, ga mutanen tsaye kusa da shi, da ransu da lafiyarsu.

Sirrin abin yana cikin yadda ake yin fim. Leda ce siririya da aka shafe da wani irin danƙo mai ɗauke da ƙwayoyin sinadarin azurfa. Idan aka danna kyamara, haske ya faɗa a kai, sai ya bar tabon da ido ba ya gani. Hoton yana nan a ɓoye har ranar da aka tsoma fim ɗin cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu, abin da masu sana'ar suke kira wankin hoto. Sanyi da bushewa suna tsare wannan ɓoyayyen tabo shekara da shekaru, zafi da laima kuwa su ne ajalinsa. Shi ya sa fim ɗin da ya kwana a ƙanƙara ya tsira, amma wanda aka bari a ɗakin kwano a ƙasar Hausa, ya sha bazara ya sha damina, da wuya ya kai labari.

Daga alƙalami zuwa kyamara

Matafiyan farko da suka bar mana kamannin ƙasar nan ba su zo da kyamara ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a farkon 1851 da alƙalami da takarda. Zanen birnin da ke cikin littafinsa, wani mai zane ne a Jamus ya ƙawata shi daga zayyanar da Barth ya kai gida, don haka akwai hannun wanda bai taɓa taka Kano ba a ciki. Kyamarar wancan zamani kaya ce ta a ɗora wa jaki: akwati, da ƙafafu, da faifan gilashi, da kwalaben magani.

George Eastman ne ya sauƙaƙa al'amarin a 1888, da ya fito da kyamarar Kodak mai fim nannaɗaɗɗe da ke ɗaukar hoto 100 kafin ya cika. A 1925 Leica ta shigo kasuwa, 'yar ƙarama mai shiga aljihu, a tsakiyar shekarun 1930 kuma fim mai kala na Kodachrome ya biyo baya. Daga nan duk Baturen da ya sauka a ƙasar nan, soja ne, ko joji, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwar gyaɗa, da wuya ka raba shi da kyamara.

Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya keto Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906 tare da ayari, ya buga labarin tafiyar da hotunanta a 1910. Gidansa na Nassarawa har yau yana tsaye, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar da take cin makonni daga bakin teku ta koma 'yan kwanaki, baƙi suka yawaita, hotuna ma suka yawaita. Hawan daba da aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, sun cinye fim ba kaɗan ba. E. H. Duckworth, jami'in ilimi da ya daɗe yana shugabantar mujallar Nigeria, ya zagaya ƙasar nan yana ɗauka, kuma dubban hotunansa suna jami'ar Northwestern a Amurka. Eliot Elisofon na mujallar Life ya zo a 1959, ana jajibirin 'yancin kai, nasa kuma suna gidan adana kayan tarihi na Smithsonian a Washington.

Galibinsu abu ɗaya suke bi: dalar gyaɗa, marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi, ƙofar fada, dawaki da lifidi ranar salla. Birni ya samu rabonsa. Ƙauye kuwa sai dai a hango shi ta tagar mota.

Abin da ya tsayar da kyamara a Birnin Kudu

Kudancin ƙasar Kano ta da, wato yankin Birnin Kudu da Gwaram da garuruwa irin su Maruta, wanda ya koma Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, ba shi da dalar gyaɗa irin ta birni. Abin da ya ja masu kyamara zuwa can shi ne duwatsu.

A tsakiyar shekarun 1950 labarin zane-zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ya kai kunnen Bernard Fagg, mai binciken kayan tarihi wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, kuma ya sanar da duniya gumakan Nok. Ya zo ya duba Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, ya auna, ya ɗauki hotuna. Abin da aka zana a wurin yawanci shanu ne, kuma shanun ba su da tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a yankin a yau ba. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa masu zanen sun rayu a wani zamani da dabbobin ƙasar suka bambanta da na yanzu. A nan ne kuma Fagg ya lura da duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga su, da ramukan da bugu na tsawon zamani ya bari a jikinsu. Ya wallafa bayaninsu a mujallar Man a 1956, ya kuma ambaci alaƙar wani daga cikin wuraren da al'adar aure ta 'yan matan garin.

Mutanen Birnin Kudu ba su jira Fagg kafin su san duwatsunsu ba. A gindinsu suka tashi, su suka nuna hanya. Amfanin kyamararsa shi ne ta tsayar da kamannin zanen a rana guda sananniya. Rana da ruwa da hayaƙi da hannun masu rubuta sunayensu a jikin dutse suna cin irin wannan zane a hankali, kuma babu hanyar sanin abin da ya dushe sai an ajiye tsohon hoto kusa da sabo. Haka hoton da aka ɗauka shekara saba'in da suka wuce ya zama mai gadin wani hoton da ya girme shi nesa ba kusa ba.

Sai kuma hanya. Titin da ya baro Kano ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu ya nufi gabas da kudu, ya ga matafiya iri-iri. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980, samarin Turai sun yi yayin keto Sahara da Land Rover da manyan motoci, ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, su huta a Kano, sannan su wuce Jos ko Maiduguri kan hanyarsu ta gabashin Afirka. A waɗannan shekaru kuma makarantun sakandaren Arewa, irin kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu, sun ga malamai daga ƙasashen waje, masu zaman shekara biyu ko uku su koma. Irin waɗannan baƙi ba ƙwararru ba ne. Sukan ɗauki abin da ya tare musu gaba: mai tallan fura da nono a bakin titi, motar katako da ta maƙale a laka, ɗalibai a layi, ranar kasuwa a ƙauye.

Hotunansu ba su shiga littafi ba. Sun koma cikin kwali a saman kabad a Ingila ko Jamus ko Amurka, masu su suka tsufa suka mutu, magada suka kwashe kaya suka kai kasuwar gwanjo. A can ne masu sha'awar abin suke tsintar su, wani lokaci har da fim ɗin da ba a taɓa wankewa ba a cikin tsohuwar kyamara. Ta wannan hanya aka gano Vivian Maier, mai renon yara a Chicago, bayan an yi gwanjon kayanta a 2007: nagetif sama da 100,000, da ɗaruruwan fim da ita kanta ba ta ga abin da ke ciki ba.

Wanda zai karanta hoton

Mai tsintar hoto a Turai yana iya yaba hasken da kalar, amma ba zai iya karanta shi ba. Karatun yana wajen 'yan ƙasa. Idan motoci suna bin hannun hagu, an ɗauki hoton kafin 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya ta koma dama. Idan farashin da ke jikin allo fam da sule ne, ko aka ga kwabo mai huji a faifan mai talla, to naira ba ta zo ba tukuna, domin sai 1 ga Janairu 1973 ta fara aiki. Tutar Ingila a ƙofar ofis tana nufin kafin 1 ga Oktoba 1960. Kakin ɗan doka na En'e yana mayar da mai kallo zamanin da 'yan sandan sarki suke tsaron gari. Kamfanin Kodak ma yakan buga wata da shekarar wanki a jikin kwalin da ke riƙe da hoton majigi.

Wannan duk ɗan boko zai iya. Abin da ya fi shi zurfi sai dattijo. Shi ne zai dubi naɗin rawani ya ce wannan hakimi ne, wancan malami. Shi zai gane kukar da ke bayan rumfa, ya ce ai nan tsohuwar kasuwa ce kafin a tashe ta. Tsohuwa za ta dubi ɗaurin zane da kitso da jeren ƙwarya ta faɗi zamanin da aka yi yayinsu. Wani lokaci kuma mutum ya yi tsai, ya sa yatsa a kan fuskar wani yaro da ke gefe, ya ambaci sunansa da na ubansa.

Sunan nan shi ne babban giɓin da matafiya suka bari. A ƙarƙashin hotunansu za ka ga an rubuta sunan gwamna da na joji, amma mutumin da ya cika hoton sai a ce da shi “wani ɗan kasuwa” ko “wata mai talla”. Sau da yawa ba a nemi izininsa ba. Matan aure da ke cikin gida ba su fito ba sam, don haka wanda ya dogara da waɗannan hotuna kaɗai zai zaci ƙasar ta maza ce da yara da dawaki. Hukumar adana takardun tarihi ta Birtaniya ta amsa wannan gazawa a aikace a 2011, lokacin da ta ɗora dubban hotunan tsohon ofishin mulkin mallaka a Flickr, ta roƙi jama'a su taimaka da sunayen mutane da wurare. Gani ya kori ji, amma a nan ganin yana buƙatar wanda ya ji daga bakin iyaye.

Namu na gida

Ba baƙi kaɗai suka riƙe kyamara ba. Tun kafin wayar hannu, kowane gari mai kasuwa yana da mai hoto. Akwai na akwati mai ƙafa uku, wanda yake cusa kai cikin baƙin ƙyalle ya wanke hoton nan take, mai shi yana tsaye yana jira. Akwai mai situdiyo da labule mai zanen bene ko jirgin sama. Akwai mai yawo da kyamara a wuya ranar salla da ɗaurin aure da saukar karatu, ya tara fim ya aika Kano a wanke, mako ya zagayo ya raba wa masu shi. Maniyyaci ba ya samun fasfo sai ya zauna gaban ɗayansu. Alhazai kuma sukan dawo da hoton da suka ɗauka a Makka ko Madina a manna a bango. Waɗannan su ne hotunan tafiye-tafiyenmu, kuma sun fi na baƙi daraja ta fuska guda: an san sunan wanda ke ciki.

Maƙwabtanmu sun nuna abin da irin wannan ajiya take iya zama. A 1991 an baje wasu hotuna daga Bamako a New York, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Da aka bi sawu sai aka tarar Seydou Keïta ne, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yana raye, kuma ya adana dubban nagetif ɗinsa. Yau sunansa yana cikin manyan masu hoto na duniya. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, wani marubuci Bafaranshe mai binciken tarihin kiɗa, Florent Mazzoleni, ya iske Sanlé Sory yana ƙona nasa, don a ganinsa babu mai buƙatarsu kuma. Abin da ya tsira daga wutar ya kai ga baje koli a babban gidan zane na Chicago a 2018. A Yamai kuma, ta hotunan Philippe Koudjina ake ganin samarin birnin na shekarun 1960 da 1970.

Da wayar hannu ta zo, shagunan wankin hoto suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ko a Amurka, shago na ƙarshe mai wanke Kodachrome, a jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. A garuruwanmu nagetif ɗin tsofaffin masu hoto suna cikin buhu ko akwatin ƙarfe, gara da fumfuna suna rabo. Wanda ya fara warin tsami ya kama hanyar lalacewa, kuma yana shafa wa na kusa da shi.

Ceton abin ba ya cin kuɗi mai yawa. A raba mai wari da mai lafiya. A cire su daga leda a sa a ambulan na takarda, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa, nesa da ƙasa. A riƙe nagetif ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Idan aka samu tsohuwar kyamara da fim a ciki, kada a buɗe bayanta, domin haske na ƙiftawar ido ya isa ya shafe komai. A kai wa wanda ya san aikin. Hoton da ke kan takarda kuwa a ɗauke shi da waya a inuwa, a rubuta a bayansa da fensir: wane ne, ina ne, wace shekara, wa ya faɗa. Akwai wuraren da aikinsu ke nan, kamar Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ma yana da shiri tun 2004 na tallafa wa masu kwafe ajiyar tarihi da ke cikin haɗari, a bar ainihin kayan a ƙasarsu.

Yaron da yake da shekara goma lokacin da Fagg ya hau Dutsen Mesa, yau ya ba tamanin baya ko yana dab da ita. Irinsa su ne na ƙarshe da za su iya duban hoton wancan zamani su kira suna. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da masarautar Dutse da hakimanta na Birnin Kudu da Gwaram, su tura ɗalibai gida-gida da shago-shago, su kwafi abin da ya rage, su kuma buga hotunan da ke Zurich da Washington da Landan su kai su zaurukan dattawa. Mai karatu kuma da ke Maruta ko Gwaram ko Birnin Kudu, ya buɗe akwatin mahaifinsa a wannan makon, ya ɗauki albam ɗin ya kai wa mafi tsufa a gidan, ya tafi da fensir.